Koyon Manhajojin Nazarin Hira da Bayanai a Binciken Jami'a

Binciken jami'a, a dunƙule, gida biyu ne. Akwai wanda ke tara alƙaluma, ya ƙirga, ya auna, ya fitar da kaso cikin ɗari. Akwai kuma wanda ke tara magana: hira da mutane ɗaya bayan ɗaya, tattaunawar rukuni, abin da mai bincike ya gani da idonsa ya rubuta, tsofaffin takardu, hotuna, waƙoƙi da wa'azin da aka naɗa. Wannan na biyun shi ne wasu masana Hausa ke kira bincike bi-bayani, kuma shi ne ruwan dare a fannonin zamantakewa, ilimi, kiwon lafiyar al'umma, aikin jarida, tarihi da adabi. Babban nauyinsa yakan bayyana ne bayan an dawo daga fagen bincike. Hirar sa'a ɗaya, idan aka rubuta ta kalma bayan kalma, takan cika shafi 20 ko kusa da haka. Ɗalibin da ya yi hira da mutum 30 zai iya samun kansa da shafi 600 a gabansa, kuma ana jiran ya fito da abin da waɗannan mutane suka faɗa cikin babi ɗaya ko biyu, ba tare da ya sa musu magana a baki ba.

Domin wannan aiki aka ƙirƙiro manhajojin nazarin bayanai. Fitattu a cikinsu su ne NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA, kuma a littattafan dabarun bincike ana kiran dangin nasu gaba ɗaya da taƙaitaccen suna CAQDAS.

Kafin zuwan kwamfuta, kayan aikin mai irin wannan bincike su ne almakashi, ambulan, katin kwali da alƙaluma masu launi. Yakan yi kwafin kowace hira da yawa, ya yanke sakin layin da ke magana a kan abu guda, ya jefa a ambulan ɗin da aka rubuta wa sunan abin. Hanyar ta yi aiki, an kuma rubuta manyan littattafai da ita, amma tana da illa: da zarar an yanke magana, ta rabu da abin da ya gabace ta da abin da ya biyo bayanta, kuma idan mai bincike ya sake tunani yana son sauya tsarin ambulan ɗinsa, sai ya koma farko. A 1981, Lyn Richards, masaniyar zamantakewa, da Tom Richards, masanin kwamfuta, suka samar da manhajar NUD*IST a Jami'ar La Trobe da ke Melbourne a Ostareliya, wadda daga zuriyarta NVivo ta fito a 1999. A Jamus, Udo Kuckartz ya fitar da MAX a 1989, ita ce ta zama MAXQDA daga baya. ATLAS.ti kuwa ta samo asali ne daga wani aikin bincike a Jami'ar Fasaha ta Berlin, Thomas Muhr ya gina ta, ta shiga kasuwa a 1993. A 1994 Jami'ar Surrey ta Ingila ta kafa wani shiri na musamman domin horar da masu bincike da ba su shawara kan waɗannan manhajoji ba tare da tallata ta wani kamfani ba. A yau kamfanin Lumivero ne ke riƙe da NVivo, kuma a 2024 ya sayi ATLAS.ti.

Abin da manhajar ke yi

Ɗalibai da yawa suna zuwa wa waɗannan manhajoji da tunanin da suka ɗauko daga SPSS, inda ake zuba alƙaluma, a danna maɓalli, sakamako ya fito. Sai su zaci za su zuba hirarrakinsu a NVivo ta fitar musu da jigogi. Wannan zato shi ne tushen yawancin takaicin da ake sha. Matsayin manhajar matsayin magatakardan kotu ne: yana adana kowace takarda, ya san inda kowace shaida take, idan aka nemi duk abin da aka faɗa game da gona kaza zai kawo shi nan take, amma hukunci na alƙali ne. Tantance abin da magana ke nufi, da wace ta yi kama da wace, da abin da ya kamata a kira jigo, duk yana kan mai bincike.

Ayyukan da take yi kuwa ba ƙanana ba ne. Tana tara dukkan bayanan bincike wuri guda, rubutu ne, murya ce, hoto ne ko bidiyo. Tana ba da damar shata yankin magana a sa masa alama, wato ɗan gajeren suna da ke nuna abin da yankin ya ƙunsa. Tana tattaro duk yankunan da aka sa wa alama ɗaya daga dukkan hirarraki a karanta su a jere, kuma da dannawa ɗaya mai karatu ya koma ainihin wurin da aka faɗi maganar. Ana iya sauya sunan alama, a haɗe biyu, a raba ɗaya gida uku, ba tare da an ɓata komai ba. Wannan sassauci shi ne ainihin abin da ya bambanta ta da almakashi.

Saboda haka koyon manhajar yana biyo bayan koyon hanyar nazari ne. Wanda zai yi nazarin jigogi ya san matakan da Virginia Braun da Victoria Clarke suka shimfiɗa a maƙalarsu ta 2006, tun daga sabawa da bayanai, da sa alamomin farko, da neman jigogi da bitarsu da raɗa musu suna, har zuwa rubuta rahoto. Wanda zai gina ra'i daga bayanan da ya tara ya san tsarin da Barney Glaser da Anselm Strauss suka gabatar a 1967. Mai nazarin labarun rayuwa ko salon zance yana da tasa hanyar. Manhaja ɗaya tana iya ɗaukar dukkansu, amma ba ta zaɓar wa kowa. Nicholas Woolf da Christina Silver, waɗanda suka daɗe suna koyar da wannan fanni, sun gina tsarin koyarwarsu a kan wannan: mutum ya fara faɗin abin da yake son cimmawa da harshen bincikensa, sannan ya nemi kayan aikin da zai yi masa hakan a cikin manhajar. Wanda ya fara da maɓallai yakan ƙare da yin abin da manhajar ta sauƙaƙa, ko da ba shi tambayar bincikensa ke nema ba.

Shirin da ke gaba da buɗe manhaja

Rubuta hira shi ne aiki mafi cin lokaci. Masu koyar da dabarun bincike sukan ƙiyasta sa'a 4 zuwa 6 ga kowace sa'a ɗaya ta murya, kuma tattaunawar rukuni, inda mutane ke katse juna, ta fi haka. Akwai manhajojin da ke mayar da murya rubutu, kamar Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, wadda Hausa na cikin harsunan da aka lissafa mata. Sai dai ingancinsu a Hausa bai kai na Ingilishi ko Faransanci ba, balle idan karin harshen Sakkwato ne ko na Damagaram, ko ana surka Hausa da Turanci da Larabci, ko an naɗi hirar a tsakar gida ana daka. Duk abin da na'ura ta rubuta sai an bi shi layi-layi da kunne. Rubuta hira da hannu ma yana da ribar da ba a cika lissafawa ba, domin a lokacin ne mai bincike ke fara jin inda murya ta yi rauni, inda aka yi shiru, inda aka yi dariya don kauce wa tambaya.

Ga mai aiki da Hausa, daidaita ƙa'idar rubutu tun farko wajibi ne. Kwamfuta ba ta san cewa wanda ya rubuta "kasa" a shafi na 3 da "ƙasa" a shafi na 9 abu ɗaya yake nufi ba. Idan mutum uku suka taya rubuta hirarraki, ɗaya yana sa haruffa masu lanƙwasa, ɗaya ba ya sawa, na uku yana rubuta k' da d', to duk binciken kalma da za a yi daga baya zai fito da giɓi. Haka bambancin 'y da ake rubutawa a Najeriya da ƴ da ake rubutawa a Nijar. A zaɓi tsari ɗaya, a adana fayiloli da tsarin Unicode domin ɓ, ɗ da ƙ su fito daidai, a kuma gwada shigar da hira ɗaya a gani kafin a shigar da saura.

A wannan matakin ne kuma ake ɓoye sunaye. A maye gurbin sunan kowane mai ba da bayani da lamba ko sunan aro, a cire sunan unguwa da duk abin da zai sa a gane shi, a ajiye takardar da ke haɗa lambobi da ainihin sunaye a wani wuri daban mai kalmar sirri. Sunan kowane fayil ya bi tsari ɗaya, sunan mai tambaya da na mai amsa su riƙa zuwa a farkon layi iri ɗaya ko'ina, domin manyan manhajojin suna iya amfani da wannan su ware maganar kowane mutum da kansu.

Batun fassara yana buƙatar tsayawa. Yawancin kundayen digiri a Najeriya da Turanci ake rubuta su, a Nijar kuma da Faransanci, don haka ɗalibai da dama sukan fassara hirarrakin gaba ɗaya sannan su yi nazari a kan fassarar. Idan mai binciken yana jin Hausa, ya fi inganci ya yi nazarin a kan Hausar, ya fassara yankunan da zai kafa hujja da su kaɗai. Majinyacin da ya ce "da sauƙi" ba lallai yana nufin ya samu sauƙi ba, haka ake amsa gaisuwar jinya ko ciwo ya tsananta. "Ba laifi" tana iya zama yabo, tana iya zama ƙorafi cikin ladabi. Fassarar gaggawa takan daidaita waɗannan su zama magana ɗaya, kuma abin da ya zube a nan babu manhajar da za ta dawo da shi.

Zaɓen manhaja

Manyan ukun, NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA, suna yin kusan aiki iri ɗaya, bambancinsu ya fi yawa a tsarin fuska da sunayen da suke ba abubuwa. Dukkansu na kuɗi ne, da dala ko yuro, kodayake suna da lasisin ɗalibai mai rahusa na ƙayyadadden lokaci da kuma damar gwaji ta 'yan kwanaki. Dedoose, wadda masu bincike daga Jami'ar California ta Los Angeles suka samar, ana biyanta wata-wata kuma a kan intanet take aiki, abin da ya sa ta dace da aikin haɗin gwiwa amma take wahalar da wanda ke fama da tsadar data da yankewar sadarwa. Akwai kuma na kyauta. Taguette ƙarama ce, aikinta shata rubutu da sa alama da fitar da sakamako, ana iya koyonta a yini ɗaya. QualCoder ta fi ta zurfi, tana ɗaukar rubutu da hoto da murya da bidiyo. QDA Miner Lite kuma zubin kyauta ne na wata manhajar kamfanin Provalis da ke Kanada. Ga mai digiri na biyu da ke da hira 15 ko 20, ɗaya daga cikin waɗannan na kyauta takan wadatar.

Tambayar da ta fi amfani wajen zaɓe ita ce: wa ke kusa da ya iya ta? Manhajar da malami mai duba aiki ko wani ɗalibi a sashe ya sani ta fi wadda ake yabo a intanet amma babu mai warware wa mutum matsala idan ya maƙale. A kuma tambayi ɗakin karatu ko sashen kwamfuta na jami'a ko suna da lasisin da ɗalibai za su iya amfani da shi. Kwafin sata da ake sa wa mutane a shagunan gyaran kwamfuta hatsari ne biyu: ya saɓa doka da ɗa'ar bincike, kuma yana iya rufewa ko ya lalata fayil ana saura mako biyu a miƙa kundi. Sauya manhaja a tsakiyar aiki ya yi sauƙi fiye da da, tun bayan da aka fitar da tsarin musayar fayil na REFI-QDA a 2019, amma ba komai ne ke ƙetarawa lafiya ba, don haka gara a zaɓa da kyau tun farko.

Sa alama

A ɗauki misalin ɗalibar da ke binciken dalilan da ke hana mata masu juna biyu zuwa awo a wasu ƙauyuka. Ta yi hira da matan, da mazajensu, da ungozoma, da ma'aikatan asibiti. Ta buɗe sabon aiki a manhajar, ta shigar da rubutattun hirarrakin, ta kasa su rukuni-rukuni. Abu na farko shi ne karatu, ba tare da sa alama ko ɗaya ba, har sai ta san muryar kowa. Daga nan ta ɗauki hira ɗaya. Inda wata ta ce ranar awo ta zo amma maigida bai bar kuɗin mota ba, sai ta shata wurin ta sa masa alamar "kuɗin mota". Wurin yana iya ɗaukar alama ta biyu, "shawara a hannun miji", domin yanki ɗaya yakan ƙunshi abu fiye da ɗaya. Inda wata mai cikin fari ta ce ba za ta iya faɗa wa uwar mijinta tana da ciki ba, alamar ita ce "kunyar cikin fari". Inda aka yi ƙorafin tsawa da dogon layi, "mu'amalar ma'aikata".

Alamomi suna zuwa ta hanya biyu. Wasu mai bincike ya taho da su daga ra'in da ya ɗora aikinsa a kai ko daga tambayoyinsa, wasu kuma daga cikin maganar mutane suke tasowa. Daga cikin na biyun akwai wanda ake ɗauko kalmar mai magana ita kanta a mayar alama. Idan mata da yawa suka ce "lafiyata ƙalau, me zan je yi", wannan furuci ya cancanci zama alama yadda yake, domin yana ɗauke da fahimtar cewa asibiti wurin marar lafiya ne, kuma mai ciki ba marar lafiya ba ce. Alamar da aka ɗauko daga littafi, irin "ƙarancin wayewa", za ta binne wannan fahimta ta kuma ɗora wa matan laifin da ba su furta ba.

Girman yankin da ake shatawa yana da muhimmanci. Idan ya yi ƙanƙanta, in aka tattaro shi daga baya ba a gane abin da ake magana a kai. Idan ya yi faɗi, alamar ta rasa kaifi. Abin da aka fi so shi ne yankin da zai ba da ma'ana ko an karanta shi shi kaɗai, sau da yawa har da tambayar da ta jawo shi.

Kuskuren da sababbi suka fi faɗawa shi ne yawan alamomi. Ƙirƙirar alama a kwamfuta ba ta da wuya, sai mutum ya wayi gari da 300, rabinsu suna nufin abu ɗaya da suna daban: "talauci", "rashin kuɗi", "babu hali", "tsadar rayuwa". Maganin wannan shi ne kundin alamomi, inda kowace alama ke da bayanin abin da take nufi, da lokacin da ake sa ta, da lokacin da ba a sa ta, da misali guda. Dukkan manhajojin suna da gurbin rubuta wannan bayani a jikin alamar, kuma gurbi ne da ake yawan bari fanko. Bayan kowace hira 3 ko 4, ya kamata a tsaya a buɗe alamomin ɗaya bayan ɗaya, a karanta abin da ya taru a ƙarƙashinsu, a haɗe masu kama, a raba waɗanda suka cika da tarkace, a jera ƙanana ƙarƙashin manya. "Kuɗin mota", "kuɗin magani" da "kuɗin kati" za su iya zama 'ya'yan uwa ɗaya. Littafin Johnny Saldaña kan dabarun sa alama, wanda ya fara fitowa a 2009, yana cikin waɗanda aka fi komawa gare su a wannan mataki.

Gefe da sa alama akwai hashiya, wato rubutun da mai bincike ke yi wa kansa yana cikin aiki, ya liƙa shi a jikin hira ko alama ko wani yanki. Ɗalibar ta lura, alal misali, cewa maza suna ambaton kuɗi yayin da matansu ke ambaton izini a kan lamari ɗaya, sai ta rubuta wannan nan take da kwanan wata, ta ƙara da tambayar da ya tayar mata. A cikin irin wannan rubutu ne nazari na haƙiƙa ke faruwa, kuma sau da yawa shi ne ke zama ƙashin bayan babin sakamako. Aikin da ke da alamomi 200 babu hashiya ko ɗaya an jera shi ne kawai, ba a fara nazarinsa ba.

Tambayar bayanai

Amfanin manhajar yana fitowa sosai idan an shigar da siffofin masu ba da bayani: shekaru, jinsi, ƙauye, yawan haihuwa, matakin karatu. Da waɗannan, ana iya neman jadawalin da zai gitta alamomi da siffofi, a ga, misali, abin da masu cikin fari suka ce game da ungozoma a gefe ɗaya da abin da masu haihuwa biyar suka ce a ɗaya gefen. Kowane gida a jadawalin ana iya danna shi a karanta maganganun da ke ciki. Ana kuma iya neman wuraren da alamomi biyu suka haɗu, kamar "mu'amalar ma'aikata" da "komawa ga ungozoma".

A nan akwai tarko. Jadawalin yana nuna lambobi, lambobi kuma suna da ruɗi. Alamar da ta bayyana sau 40 ba lallai ta fi wadda ta bayyana sau 4 muhimmanci ba. Wataƙila mace ɗaya mai yawan magana ce ta maimaita ta sau 25, wataƙila kuma mai tambaya ne ya yi ta jawo zancen. Abin da ake jin nauyin faɗa, kamar ɓari ko saɓani da kishiya, yakan zo sau ɗaya cikin rabin jimla. Mutum 30 da aka zaɓa da gangan ba su wakiltar jiha, don haka mayar da su kaso cikin ɗari aro ne na rigar da ba ta wannan bincike ba.

Neman kalma da ƙirga kalmomi suna buƙatar hattara ta musamman a Hausa. An gina waɗannan kayan aiki ne da manyan harsunan Turai da Asiya a zuciya, inda manhajar ta san tushen kalma da rassanta. A Hausa ba ta san "mace" da "mata" dangi ne ba, ko "asibiti" da "asibitoci", sai an rubuta mata kowanne. Tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, "gari" na zama da "gari" na tuwo duk ɗaya ne a wurinta. Alamar ɗauri da ke cikin "'ya'ya" ko "ma'aikata" tana iya sa wasu manhajoji su tsinka kalmar biyu. Idan aka nemi kalmomin da suka fi yawa, "da", "a", "na", "ta" da "ya" ne za su cika allo, sai mai bincike ya gina jerin kalmomin da za a tsallake da kansa. Sannan ga sakaya zance: wanda ya nemi "haihuwa" ba zai samu "ta sauka" ko "an samu ƙaruwa" ba, wanda ya nemi "mutuwa" zai wuce "ya koma" da "an yi rashi". Neman kalma yana da amfani wajen tabbatar da cewa ba a tsallake wani wuri ba, amma ba ya maye gurbin karatu. Hoton gajimaren kalmomi da ake yawan liƙawa a kundaye yana da kyan gani, abin da yake tabbatarwa kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Daga alamomi ake hawa zuwa jigogi. Ɗaliban adabin Hausa sun san jigo da warwararsa, kuma ma'anar a nan ba ta yi nisa da wannan ba: jigo magana ce da ke faɗin wani abu, ba kan magana kawai ba. "Kuɗi" kan magana ne. "Zuwa awo shawara ce ta gida, ba ta mai cikin ita kaɗai ba" jigo ne, kuma yana iya tattaro alamomin kuɗi, izini da uwar miji wuri guda. Allunan zane da ke cikin manhajojin, inda ake jawo alamomi a haɗa su da kibiyoyi, suna taimakawa a nan. Haka kuma neman maganganun da suka saɓa wa jigon da gangan, domin matar da ta je awo duk da hanin miji tana koyar da abin da sauran 20 ba su koyar ba.

Idan mutum biyu ko fiye ke sa alama a aiki ɗaya, manhajojin suna iya auna yadda suka dace da juna, galibi da ma'aunin kappa da Jacob Cohen ya gabatar a 1960, inda 1 ke nufin cikakkiyar dacewa, 0 kuma dacewar da ba ta wuce ta katari ba. Masana ba su haɗu a kan wajabcinsa ba. A binciken lafiya da nazarin ƙunshiyar jaridu ana yawan nemansa, amma Braun da Clarke suna ganin bai dace da irin nazarin jigoginsu ba, tunda fahimtar mai bincike ɓangare ce ta aikin. Ɗalibi ya bi abin da hanyar da ya zaɓa ta tanada.

Yadda ake koyo

Lokacin koyo yana da tasiri. Bitar kwana biyu da aka halarta shekara guda kafin a tara bayanai takan gushe daga ƙwaƙwalwa, wadda aka nema ana saura wata ɗaya a kare kundi kuma ta zo a makare. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an rubuta hira 2 ko 3 na gwaji, domin mai koyo ya yi aiki da nasa bayanan. Manyan manhajojin suna zuwa da aikin misali a ciki, kamfanonin suna da darussan bidiyo kyauta a YouTube da shafukansu, kuma littafin Christina Silver da Ann Lewins kan amfani da manhaja a irin wannan bincike yana bi mataki-mataki ba tare da fifita wata ba. Abubuwa biyar sun isa a fara: shigar da fayil, sa alama, tattaro abin da aka sa wa alama, rubuta hashiya, da adana kwafi. Sauran a koye su ranar da buƙatarsu ta taso. Ɗalibai uku ko huɗu da ke zama tare mako-mako, kowa ya sa alama a shafi ɗaya sannan su kwatanta, sukan ci gaba fiye da mai kallon bidiyo shi kaɗai.

Tun daga 2023 kamfanonin suka fara saka ƙirƙirarriyar basira a manhajojinsu, tana taƙaita hira tana kuma ba da shawarar alamomi. Tana iya taimakawa wajen samun hoton farko, amma tana da rauni a Hausa, takan kuma fitar da alamomi masu yawa marasa zurfi. Abu mafi nauyi shi ne sirri: amfani da ita yana nufin aika maganar mutane zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Idan takardar amincewar da masu ba da bayani suka sa wa hannu ba ta ambaci haka ba, to an wuce abin da suka yarda da shi. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi irin wannan, kuma kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a shi ne wurin neman izini kafin a yi.

Adana kwafi al'ada ce da za a fara tun ranar farko. A ƙarshen kowane zama a fitar da kwafin aikin mai ɗauke da kwanan wata, a ajiye a wuri biyu ban da kwamfutar. Kamfanonin da kansu suna gargaɗi kan buɗe aiki kai tsaye daga folda mai daidaita kanta da rumbun intanet, domin hakan na iya lalata fayil. ATLAS.ti ta kan kwamfuta tana ajiye aiki a rumbunta na ciki, sai an fitar da shi a dunƙule kafin a ce an yi kwafi. Fayil ɗin da aka buɗe da sabon zubin manhaja galibi ba ya buɗuwa a tsoho, abin da ya kamata ɗalibi da malaminsa su daidaita tun wuri. Kafin lasisi ya ƙare, a fitar da kundin alamomi, da yankunan da ke ƙarƙashin kowace alama, da dukkan hashiyoyi zuwa Word ko Excel.

A babin dabarun bincike, jimlar "an yi nazarin bayanai da NVivo" ba ta wadatar ba, kuma mai jarrabawa na waje da ya san aikinsa zai tsaya a kanta. Abin da ake so a gani shi ne hanyar nazarin da aka bi, da harshen da aka yi nazarin da shi da matakin da aka yi fassara, da yadda alamomi suka samu, da wanda ya sa su, da yadda aka tashi daga alamomi zuwa jigogi, sannan sunan manhajar da lambar zubinta a matsayin kayan aikin da aka tsara bayanai da shi. Kundin alamomin kuma a sa shi a rataye, tare da misalin shafi ɗaya na hira da aka sa wa alama, bayan an cire duk abin da zai bayyana mai maganar.